Hannun Makarar da Na Ƙi Saki

Daga Allah muke, kuma surukina ya riga mu komawa gare Shi. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Kachalla Sembe a Jalingo, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba, aka yi masa sutura bayan azahar. Ni ne mijin 'yarsa ta biyu. Walda ce sana'ata, karatuna kuma bai yi nisa ba, don haka duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace a wani wuri, ya yi mini haƙuri.

A zaman makoki an yi maganarsa sosai, amma rabin maganar a kaina ta ƙare. Kowa ya san yadda ake ɗaukar makara. Ka sa kafaɗa, ka yi 'yan taku, wani ya taɓa ka ta baya, ka zame ka ba shi wuri shi ma ya samu ladansa. Ni ban ba kowa ba. Tun daga ƙofar masallaci har bakin kabari ina riƙe da hannun gaba na hagu. Babban ɗan marigayin ya taɓa ni sau biyu, na yi kamar ban ji ba. Liman da kansa ya ce, "A riƙa sakar wa 'yan'uwa," na sunkuyar da kai na ci gaba.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sai kowa ya ba abin tasa fassarar. Wani dattijo daga Yelwa ya riƙe hannuna ya ce irin wannan suruki sai an tona. Goggon matata ta aiko daga cikin gida a ce mini Allah ya yi albarka, labari ya kai mata. Ƙanin marigayin kuwa bai ɗaga murya ba, amma ya tabbatar na ji.

"Mutumin da sau ɗaya tak ya tako gidan nan tun farkon damina, yau shi ne mai kafaɗa," in ji shi. "Akwai dai abin da ke ciki."

Maƙwabcinsu na katanga ɗaya, wani tsoho ɗan ƙabilar Mumuye, Kirista, manomin doya, wanda suka yi shekaru suna shan inuwar mangwaro ɗaya da marigayin, ya bi mu har maƙabarta ya tsaya daga gefe. Shi sai da mutane suka ragu ya matso kusa da ni.

"Ni na ga yadda ka ɗauka," ya ce da irin Hausarsa. "Mutane yana ɗauka a bakin ƙarfe. Kai ka shiga ciki kamar mai ɓuya ruwan sama. Da Helma yana gani, da ya tambaye ka." Helma shi ne sunan da ake kiran marigayin da shi.

Ƙanin ya yi zargi daidai, maƙwabcin kuma ya ga abin da idonsa. Zan faɗi abin da ke ciki. Amma sai na fara faɗin wane ne mutumin, domin saboda shi na ɗauki biro.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Jalingo ba, amma a unguwarmu akwai mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan digar jirgi. Ya bar gida yana saurayi, ya shiga aikin layin dogo a matsayin lebura tsakanin Bauchi da Gombe, har ya zama helma, wato shugaban masu gyaran layi na yankinsa. Sunan ya biyo shi har gida. Da ya ajiye aiki ya dawo da abu uku: 'yar guduma mai doguwar ƙota, wata sandar ƙarfe da suke ɗaga layi da ita, da guntun ƙarfen dogo wanda ba ya ɗaukuwa da hannu ɗaya. Sandar ta zama sakatar ƙofar zaure. Guntun ƙarfen yana gindin mangwaro. Gudumar kuwa ba ta rabuwa da shi.

Bai yarda da komai ba sai ya ƙwanƙwasa. Kujerar ƙarfe a gidan biki, sai ya buga mata guduma ya karkata kai kafin ya zauna. Ba ya bi ta ƙarƙashin tankin ruwa. Idan zai hau keke napep sai ya zagaya shi sau ɗaya, direba yana tsaki. Surukata ta daina zuwa kasuwa da shi tun ranar da ya sa mai tukwane ta sauko da tara kafin ya yarda da ɗaya. In babbar mota ta wuce a titi yakan bi ƙafafunta da ido yana motsa leɓe, lissafa su yake yi. In aka ce masa, "Helma, ai wannan sabo ne," sai ya ce, "Ban ce ya lalace ba. Cewa na yi ban sani ba." Wannan magana duk unguwa an haddace ta, har a wurin shayi ana kwaikwayonsa da ita.

Ranar da magabatana suka je neman auren 'yarsa, ya karɓe su da mutunci, bai ce e ba bai ce a'a ba. Washegari da safe sai ga shi a rumfata. Ina haɗa wata ƙofar gida. Bai tambayi asalina ba, bai tambayi halina ba. Ya bi gaɓoɓin ƙofar ɗaya bayan ɗaya yana bugawa yana saurare, ni kuma ina tsaye gumi yana bin bayana. Da ya gama ya ce, "Injiniya, hannunka yana da kyau, amma kana da sauri." Ya tafi. Daga ranar Injiniya yake kirana, kuma har ya rasu ban gane ko yabo ne ko zolaya ba.

Bayan aure nakan je gaishe shi ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci. Wata rana na tambaye shi me ya sa yake ajiye da guntun ƙarfen nan a banza, ni da na samu da na yi uwar maƙera da shi. Ya ce in juyo da shi. Na juyo wajen da ya karye. Ya zuba ruwan buta ya goge da gefen rigarsa.

"Me ka gani?"

Na ce karaya na gani.

"Karaya biyu ce. Duba da kyau."

Da na duba sai na ga gaskiyarsa. A cikin kan ƙarfen, ƙarƙashin inda ƙafar jirgi ke takawa, akwai wani tabo mai santsi, siffarsa kamar ƙodar akuya, da siraran layuka zagaye da juna kamar an jefa tsakuwa a ruwa. Sauran wurin kuwa mai kaushi ne, kamar an ɓalle dutse.

Ya ɗora farcensa a tsakiyar tabon. "Nan ta fara. Wani ɗan datti ne da ya maƙale tun ranar da aka narka ƙarfen, bai kai ƙwayar gero ba. Ƙafar jirgi ta taka, wurin ya buɗe kaɗan, ta wuce, ya rufe. Ta bayanta ta zo, ya buɗe, ya rufe. Ƙafa ɗaya ba ta yin abin da ido zai gani. Amma jirgi ɗaya ƙafa nawa gare shi? A shekara kuma jirgi nawa? Kowane layi da ka gani nan, wurin da ta tsaya ne kafin ta ƙara gaba. Tana ƙarama ba ta sauri. Tana girma tana ƙara gudu, don ƙarfen da ya rage yana ɗaukar kayan raguwa yake yi. In ta leƙo waje kuma ruwa ko mai ya shiga, ƙafar jirgi ta danne bakin, ruwan ya rasa hanyar fita, sai ya tura ta ciki. Wata a ramin noti take farawa, wata a inda ƙafar jirgi ta yi juyi wuri ɗaya ta ƙona ƙarfen. Wannan daga ciki ta taso. Duk shekarun da take tafiya, saman ƙarfen yana ƙyalli kamar madubi."

"Wannan mai kaushin fa?"

"Wannan na ƙiftawar ido ne. Lokacin sanyi ƙarfe yana tsukewa, yana jan kansa ta gaba da ta baya. Jirgin kaya ya bi da sassafe, abin da ya rage ya kasa. Allah ya kiyaye, jirgin ya haye lafiya, na zo sintiri na tarar da wurin a buɗe, yatsa biyu suna shiga. Mutane suka ce jirgin nan ya cika nauyi. Ba ruwan jirgin nan. Shi dai ya zo a ƙarshe ne."

Sannan ya ce, "Shekara shida ina wucewa ta kansa kullum, ina bugawa. Wata rana na ji kamar muryarsa ta gajarta. Rana ta yi zafi, ga sauran tafiya, na ce kunnena ne. Shi ya sa na roƙa aka yanko mini shi."

Wani malamin makaranta da ke zaune tare da mu ya ce ai wannan wa'azi ne, haka zunubi yake yi a zuciya. Baba, wato surukin nawa, ya ce, "Wannan ku kuka sani. Ni ƙarfe na sani."

Yakan ce ma'aikatan yanzu suna da na'urar da ke jin cikin ƙarfe, kuma ya yarda ta fi kunnensa. Su a zamaninsu in suna zargin tsaga ta leƙo waje, kananzir da alli suke sa wa wurin. Na ga ya yi wa maƙwabcin nan nasa. Tsohon yana da babur da yake ɗauko doya da shi ta hanyar Zing, Baba ya ce ƙarar ƙarfen gaba ba ta yi masa ba. Suka yi ta musu a gindin mangwaro.

"Helma, babur ɗina lafiya. Kai ne kunnenka ya tsufa."

"To, kawo kananzir ɗin matarka mu ga wanda ya tsufa."

Baba ya kankare fentin, ya shafa kananzir ya bar shi ya shiga, ya goge tas da tsumma. Ya daka alli ya dama da ɗan ruwa ya shafa, aka jira ya bushe fari fat. Sannan ya buga guduma a gefe sau uku. Muna kallo wani siririn layi kamar gashi ya fito a kan farin. Kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar ne ya tsattsafo. Tsohon ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar, doyar farko ta kowace shekara gidan Baba take shiga.

Yanzu in zo kan nawa.

Shekara uku da suka wuce makarar katako ta masallacin unguwa ta ruɓe, na ce ni zan yi ta ƙarfe sadaka. Na yi ta da fayif biyu dogaye, su ne suka fito gaba da baya suka zama hannaye huɗu, na gitta ƙarafa a tsakani, na shafa koren fenti. Liman ya ambaci sunana a gaban jama'a, aka yi mini addu'a. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata. Abin da ban faɗa wa kowa ba, fayif ɗin ragowar wani aiki ne, bai kai kaurin da ya dace ba, kuma a gaɓar hannun gaba na hagu wutar walda ta ɗan ci gefen fayif ɗin ta ƙasa. Na gani. Na ce ai wurin ba a gani. Ga shi kuma in mutane sun yi kaɗan ko ana sauri, a bayan a-kori-kura ake ɗora ta, hannayen suna leƙe a waje suna karkarwa a kan gargada.

A farkon daminar bana Baba ya zo rumfata da hantsi ya ce, "Injiniya, ɗauko kananzir ka raka ni." Ya karɓi makullin ɗakin ajiya a wajen ladan, muka shiga mu biyu, ya turo ƙofa. Muka kifa makarar. Ya buga hannaye uku, kowanne ya yi ƙara mai tsawo. Ya buga na huɗu, ƙarar ta mutu nan take kamar an taɓa fasasshiyar tukunya. Aka shafa kananzir, aka shafa alli. Layin ya fito daidai inda wuta ta ci, tsawonsa ya kai faɗin yatsa biyu.

"Ka cire fayif ɗin gaba ɗaya ka sa mai kauri," ya ce. "Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Aikinka ne."

Na ce to, Baba.

Ban yi ba. In zan cire fayif sai na ɗauko makarar na ratsa titi da ita zuwa rumfata, ta yi kwana biyu a can a gaban sauran masu walda na layinmu, duk wanda ya wuce ya tambaya me ya samu sadakar da aka yi wa addu'a. Sai na jawo ƙaramin injina zuwa ɗakin ajiyar wata safiya, na ce wa ladan fenti zan sabunta. Na ɗora walda a kan tsagar, na goge, na shafa kore. Cikin awa ɗaya na gama.

Washegari ya same ni a rumfa, babban yatsansa da ɗanyen koren fenti. Ya nuna mini shi.

"Ka rufe mata baki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kanta yana gaba, a ƙarƙashin fentinka, yana tafiya. Yanzu ma ka fi ɓata abin, don da ana iya ganinta."

Akwai mutum biyu a rumfar suna jiran aiki. Ba su san me muke magana a kai ba, amma kunya ta juye mini ta zama fushi. Na ce, "Baba, wannan fa ba jirgin ƙasa ba ne. Mutum ɗaya ake ɗorawa, shi ma ba kullum ba." Da na tsaya nan da da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Duk bugun da kuka yi, jirgin naku yana ina yanzu?"

Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba sai ranar. A wurinmu suruki ko sunansa ba a kamawa. Ya dube ni, ya goge yatsansa a jikin ginshiƙin rumfar, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya." Tabon koren yana nan har yau.

Daga nan na daina zuwa gidansa, zargi ya kama ni. In na gan shi tsaye da liman, na ce maganata suke yi. In ladan ya gaishe ni sama-sama, na ce ya ji. Matata ta dawo daga gidansu ta ce Baba yana gaishe ka, sai in tsare ta da tambaya, me kuma ya ce, wa ke wurin. Wata rana ta ce, "Malam, wai me ya haɗa ku ne? Shi ba ya faɗa, kai ba ka faɗa, ni ce a tsakiya." Na ce ba komai.

Ana cikin haka sandar ƙarfen nan ta ƙofar zaure ta ɓace. Surukata ta ce ba 'yan gwangwan ba ne, don su da guntun dogon za su fara. Wa ke da amfani da irin wannan ƙarfe in ba mai walda ba? Ba ta faɗa a gabana ba, amma ya zo kunnena. Aka tambayi Baba, ya ce, "Tana wurin aiki." Aka ɗauka ruɗin tsufa ne. Ni kuwa na ƙara riƙe shi a zuciya, na ce ya san ban ɗauka ba, amma ya bar ni da sunan ɓarawo don ya rama.

Maganar da na yaɓa masa laifi ce, amma akwai wanda ya fi ta. A cikin watannin nan an ɗauki mutum huɗu a makarar: wata tsohuwa, wani direba, wata mai jego, da wani ɗan kasuwa mai jiki. Kowace jana'iza nakan yi salla a sahun baya, in an ɗaga makara in ja da baya in bi daga nesa, idona a kan hannun gaba na hagu, ina roƙon kada ya zama yau. In an dawo lafiya sai in ce wa kaina, ka gani, tsoho ne da tsoronsa. Alhali na san sarai abin da ya koya mini, dawowa lafiya ba ta nuna komai sai dai tsagar ta ƙara gaba. Na bar 'ya'yan mutane suka sa kafaɗa a wurin, iyayensu a sama.

Da ya kwanta jinya matata ta ce in ban je ba ita ba ta san da wane ido za ta kalli 'yan'uwanta ba. Na je da la'asar. Yana kwance a tabarma a barandar ɗakinsa, gudumar a gefen matashi, surukata tana yi masa fifita. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

"Injiniya. Yaya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Akwai wanda ya rage?"

Na dubi surukata. Na ce, "Babu, Baba."

Ya ɗaga hannunsa ya dubi yadda ya zama ƙashi da fata, ya ɗan yi murmushi. "To, ka ci sa'a. Na rame."

Surukata ta ce wace irin magana ce wannan. Ni na gane. Na fita ina ce wa kaina gobe zan ɗauko makarar. Goben ta zama jibi. Ranar Talata aka aiko.

Sauran kun gani da idonku, ku da kuka halarta. Da aka idar da salla na riga kowa zuwa hannun gaba na hagu. Ban sa kafaɗata a bakin hannun ba, na shige ciki na sa ta daidai ƙarƙashin gaɓar, don nauyin ya sauka a kaina kada ya bi ta tsagar, na kuma kama bakin hannun don kada wani ya riƙe. Ban yi masa addu'a ko ɗaya a hanyar ba. Kowane taku ina sauraren ƙarfe. Kusurwar ta yi mini nauyi fiye da yadda na san ta, na ce alhakinsa ne. Dattijon Yelwa ya ga hawaye a fuskata, amma na tsoro ne. Abin da nake hangowa kawai shi ne surukina a ƙasa cikin likkafani, a tsakiyar titi, saboda aikin hannuna.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, kafin a watse, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗi abin da na rubuta a nan, sai dai ba a tsare haka ba. Ƙanin marigayin ya ce, "Ai na faɗa muku." Babban ɗan ya tashi ya shiga gida ya fito da gudumar. Muka ɗunguma zuwa masallaci, aka fito da makarar fili aka kifa ta. Na kankare fentina da hannuna. Maƙwabcin ya koma gida ya kawo kananzir da alli. Da aka buga, layin ya fito ta gefen waldar da na ɗora, ya zagaya fayif ɗin ta dama da ta hagu, saura kaɗan ya haɗu a sama.

Na ɗauki zarto don in yanke wurin kowa ya ga cikinsa. Na ci bangon fayif ɗin, sai zarton ya dira a kan wani abu mai tauri ya ƙi gaba. Fayif ai rami ne a ciki. Na ajiye zarton na murɗa hannun da ƙarfi, ɗan abin da ya rage ya ɓalle daidai kan tsagar, hannun ya zare kamar kube. A ciki ga sandar ƙofar zaure. An buga ta ciki har ta wuce gaɓar da kamu guda, an toshe bakin fayif ɗin da guntun katako da laka.

Ladan ya riƙe baki. "Wallahi ya zo," ya ce. "Bayan ka yi fenti da kwana biyu. Ya ce zanzaro sun yi gida a cikin fayif, zai kore su. Na ji yana ta bugu har na ce, Helma, zanzaron na ƙarfe ne? Da ya fito yana haki ya ce in gaya wa masu ɗauka su daina sauri da ita, kuma kada a ƙara ɗora ta a mota. Na tambaye shi dalili, ya ce bai ce ta lalace ba. Ni kuma na ce halinsa ne. Sau biyu aka ɗora ta a mota bayan haka."

Maƙwabcin ya tsuguna ya shafa sandar. "Haka suna yi a layi," ya ce. "Ya gaya mini. In sun samu tsaga kuma sabon ƙarfe bai zo ba, suna ɗaure wurin da wani ƙarfe, jirgi ya bi a hankali. Ya ce wannan ba gyara ba ne, jira ne." Ya ɗago ya dube ni. "Kai yana jira."

Na duba bakin fayif ɗin da ya rabu. Kusan duk zagayen baƙi ne mai santsi, tsatsa ta shiga. Wurin da ke da haske, wanda ya rage yana riƙe, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Mutum biyar aka ɗauka a kan wannan, da sandar da tsoho mai kusan shekara tamanin ya buga shi kaɗai a ɗakin ajiya. Na biyar ɗin shi ne.

Da yamma na mayar da sandar gida. Surukata ta miƙo hannu ta bayan labule ta karɓa. "Useko," ta ce da yarensu, wato na gode. "Ka yafe mini, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba." Na ce, "Dada, kin zargi wanda ya dace. Abin da ya yi ne kawai ba ki sani ba." Matata kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. A na uku ta ajiye mini abinci ta ce, "Da ya tambaye ka akwai wanda ya rage, da ka ce masa akwai." 

Na bi gidaje huɗun nan na nemi gafara. Uku sun yafe. Mijin mai jegon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in tafi tukuna. Yana da gaskiya.

Makarar na ɗauke ta da rana tsaka a kan amalanke, na ratsa layin masu walda da ita, wanda ya tambaya na gaya masa. Na cire fayif biyun duka na sa masu kauri. Ban shafa fenti a gaɓoɓin ba, ɗan mai kawai na shafa saboda tsatsa, don ido ya riƙa kaiwa. Guntun da ya tsage yana gindin mangwaro kusa da guntun dogon Baba. Babban ɗansa ya ce gudumar ta zauna a ɗakin ajiya tare da makarar, duk mai so ya buga.

Ranar da na mayar da ita, ladan ya buga hannayen huɗu da kansa, yana karkata kai yadda ya ga ana yi. Duk sun yi ƙara mai tsawo.

"Yanzu dai ta yi ko, Injiniya?"

Ban san lokacin da sunan ya koma bakinsa ba. Na ce, "Yau ta yi. Bayan kaka zan dawo da kananzir."

Ya Allah, bawanka ya ƙarar da ƙarfinsa yana duba hanya don waɗansu su wuce lafiya, mutanen da ko sunansa ba su sani ba. Ka sauƙaƙa masa tasa hanyar, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa nawa alhali ban cancanta ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In ta rage, ya sa da ni.